Tiyatar gocewar kafaɗa: ta kyamara da ta buɗewa

Kafaɗa ita ce babbar gaɓar da ta fi yawan gocewa a jikin mutum, domin gurbin da kan ƙashin damtse ke zama a cikinsa ba shi da zurfi. Galibi gaba take gocewa, sai leɓen guringuntsin da ke kewaye gurbin ya ɓalle. Idan bai kama ba, sai gocewar ta riƙa dawowa, musamman ga matasa masu wasannin karo.

Tarihi

A zamanin Hifokratis, likitan tsohuwar Girka, ana ƙona hamata da ƙarfe mai zafi don tabo ya ɗaure gaɓar. Perthes na Jamus ya yi bayanin ɗinke leɓen a 1906, amma sunan Bankart, likitan Ingila da ya yi rubutu a kai a 1923, shi ya bi aikin. A 1954 Michel Latarjet na Liyon a Faransa ya zo da wata dabara: a yanko tsinin ƙashin da ke gaban allon kafaɗa tare da jijiyarsa, a dasa shi a bakin gurbi da ƙusar ƙarfe. Aikin kyamara, wato ɗinke leɓen ta hanyar zura ƙaramar kyamara cikin gaɓar, ya fara ne wajajen shekarun 1980, kuma a farkonsa kafaɗu da yawa sun sake gocewa.

Yadda ake yi

A aikin kyamara ana huda ƙananan ramuka biyu ko uku, a kankare bakin ƙashi har ya yi jini, sannan a kafa ƙananan turaku masu zare, uku zuwa huɗu, a ɗaure leɓen a mazauninsa. A aikin buɗewa kuwa ana tsaga gaban kafaɗa, a yanke ko a raba tsokar da ta rufe gaɓar. Idan ɗinkin tsokar ya saki, hannu kan rasa ƙarfin juyawa ciki.

Zaɓi

Yawan ƙashin da ya zaizaye shi ne ma'auni. Likitoci Burkhart da De Beer sun nuna a 2000 cewa aikin kyamara ya lalace a kashi 67 cikin ɗari na masu babban giɓin ƙashi, amma kashi 4 kacal ga marasa shi. Saboda haka idan kusan kashi 20 zuwa 25 na gurbin ya tafi, aikin Latarjet ake yi, duk da haɗarin taɓa jijiya da ƙin kamawar dashen. Akwai saɓani kan wannan iyaka. Wasu na ganin ta yi yawa, ya kamata a yi aikin Latarjet tun zaizayar ba ta kai haka ba.

Jinya

Ana rataye hannu mako huɗu zuwa shida. Wasan karo sai bayan wata shida.