Ɗalibai da Zanen Taurarin da Suka Fashe: Tambayoyi da Amsoshi

Wai da gaske tauraro yana fashewa?

Ƙwarai kuwa. Tauraron da nauyinsa ya ninka na rana sau takwas ko fiye, idan makamashinsa ya ƙare sai cibiyarsa ta rufta, ya tarwatse. A shekarar 1054 masana taurari na ƙasar Sin sun rubuta cewa wani sabon haske ya bayyana a sama, har da rana ana ganinsa tsawon kwana 23. Burbushinsa ne ake kira Crab Nebula, yana ɓangaren sama ɗaya da Kaza da 'Ya'yanta. Haskensa kan yi tafiyar shekara kusan 6,500 kafin ya iso mana.

Ina ɗalibi a Katsina zai ga hotonsa?

Hukumar NASA ta Amurka na sakin hotunan madubin hangen taurari na Hubble, wanda aka harba a 1990, da na James Webb na 2021, kyauta a intanet. Wayar malami ɗaya ta ishi aji.

Launukan nan masu ɗaukar ido na gaske ne?

Wannan ce tambayar da nake so kowane malamin zane ya tsaya a kanta. James Webb na kama hasken da idon ɗan Adam ba ya gani. Masana ne ke raba masa launi: haske na tafiya ne kamar igiyar ruwa, to mai tazara mafi tsawo tsakanin igiyoyinsa su ba shi ja, mai mafi gajarta su ba shi shuɗi. Ke nan zaɓi aka yi, amma ba da ka ba, kowane launi da abin da yake nunawa. Don haka kada a tilasta wa yaro kwafar hoton yadda yake. A bar shi ya zaɓi launinsa, sannan a tambaye shi: wannan jan me yake nufi, ƙura ce ko iskar gas mai zafi? Nan za a gane ko ya fahimta.

To idan babu fenti fa?

Akwai gawayi, da alli, da shuni, da jar ƙasa, da tawada. Hannun da ya iya zayyanar allo ba zai kasa fitar da zaren hasken da ke bazuwa daga cibiya ba.

Ba raba hankalin yaro da karatu ba ne?

Ban yarda ba. Mai zana fashewar dole ya tambayi inda tarkacen ya nufa, sai a gaya masa cewa sinadarin ƙarfen da ke cikin jininsa daga irin wannan fashewa ya samo asali. Ilimin taurari ma ba baƙo ba ne a Katsina. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a lissafi da ilimin falaki, kuma ya kamata a ambace shi a ajin da ake wannan zane.