Sifrhippus: dokin da zafi ya ƙanƙantar

Sifrhippus wata ƙaramar dabba ce mai shayarwa da ta rayu a Arewacin Amurka kimanin shekaru miliyan 56 da suka wuce, kuma tana cikin kakannin doki mafi daɗewa da aka sani. An haɗa sunan ne daga “sifr” na Larabci, wanda ya ba mu sifili, da “hippos”, wato doki da Girkanci. Doki dai a suna, don ba ta kai ɗan akuya girma ba. Yatsu huɗu gare ta a ƙafar gaba, uku a ta baya, kuma ganyaye take ci a kurmi.

An fi samun burbushinta a kwarin Bighorn na jihar Wyoming, inda ƙasa ta jeru hawa-hawa, kowane hawa da zamaninsa. Yawancin abin da ake tsinta haƙora ne, domin farin ɓawon haƙori ya fi ƙashi jure ruɓewa. Daga faɗin haƙorin tauna kuwa masana kan ƙiyasta nauyin dabbar.

Zamaninta ya zo daidai da wani ɗumama mai tsanani a farkon zamanin Eyosin (wani dogon zango a tarihin duniya), lokacin da iskar kabon ta cika sararin sama, zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 zuwa 8 a ma'aunin Celsius. A binciken da masanin burbushin halittu Ross Secord da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2012, an jera haƙoran bisa zurfin da aka tono su. Sai ga shi cikin shekaru 130,000 na farko dabbar ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, daga wajen kilo biyar da rabi zuwa ƙasa da kilo huɗu, kamar kyanwar gida ke nan. Da sanyi ya fara dawowa, ta murmure har ta kai wajen kilo bakwai.

Ma'aunin zafin ma daga haƙori aka samo shi, amma na wata dabbar, Coryphodon, mai yawan zama a bakin ruwa. Nau'in oksijin da ke cikin ruwan da ta sha yakan bar alama a ɓawon haƙorinta, kuma alamar tana sauyawa da yanayi.

Wannan ya dace da ƙa'idar masanin halittu Carl Bergmann ta 1847, cewa dabbobi masu ɗumin jini sun fi ƙanƙanta a wurare masu zafi, saboda ƙaramin jiki ya fi saurin fitar da zafi. Wasu masana na ganin ganyen da ya tsiro cikin kabon mai yawa bai da gina jiki sosai, shi ma ya taimaka. Sai dai ƙungiyar Secord ta fi ɗora abin a kan zafi.