Faɗaɗa Ginin Banki a Sakkwato: Ga Amsoshin, a Bar Ni In Huta

Tun da aka fara ganina ina shiga da fita ofishin shiyya na wani banki a cikin garin Sakkwato, riƙe da tef da takardu, ban huta ba. Ma'aikatan da ke kula da rassan Sakkwato da Kebbi da Zamfara sun yi wa ginin yawa, ana son a ƙara masa girma, ni kuma aka ɗauke ni mai ba da shawara kan zane. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a wajen ɗaurin aure a tambaye ni, da dare a bugo waya. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga su nan wuri guda.

Malam, kai ka samu kwangilar ginin?

A'a. Nawa zane ne da sa ido a gina abin da aka zana. Ɗan kwangila daban ne. Don Allah a daina turo mani masu neman kawo yashi da bulo.

Me zai sa a zuba kuɗi a zane, alhali akwai yaron da ke fitar da shi a kwamfuta cikin kwana biyu?

Ka tambayi yaron lambar rajistarsa da ARCON, hukumar da aka kafa tun 1969 don yi wa masu zanen gini rajista. In ba shi da ita, hoto ya yi maka, kuma ranar da gini ya tsage ba za ka samu wanda za ka riƙe ba. Abin yana ɓata mani rai. Wurin da ɗaruruwan mutane ke cika a ƙarshen wata, tsofaffi 'yan fansho da mata masu goyo, a ce a nan ake neman arha?

Muna son gaban ginin ya zama gilashi tun daga ƙasa har sama, kamar na Abuja da Legas.

A Sakkwato kuke. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, kuma in gilashin ya kalli yamma, daga azahar zuwa la'asar ofis ya zama tanda. Na'urar sanyaya ɗaki za ta yi ta aiki babu tsayawa, dizal yana ƙonewa duk lokacin da babu wuta. Hunturu ya zo kuma, ƙura ta lulluɓe gilashin. Ku bari in rage tagogin gabas da yamma, in sa musu rumfa, manyan su kalli kudu da arewa. Zai yi kyau, ku kwantar da hankalinku.

Za a iya ɗora bene a kan ginin da ke nan, ba tare da an rufe banki ba?

To, wannan ce tambayar da ta isa a zauna a kanta. Ita manajan shiyya ya fara yi mani ranar farko. Muna tsaye a haraba ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da makullin motarsa, ya ce, "Akitek, ka ji fa, kamar dutse." Na ce, "Ranka ya daɗe, filasta ce ta amsa maka. Abin da muke nema yana ciki, wani kuma yana ƙarƙashin ƙasa."

Mai yiwuwa ne a ɗora, amma ba zan ce eh ba sai an bincika. Da farko a nemo tsohon zane. Namu a sito muka same shi, naɗe a bayan kabad, gara ta cinye gefen da ke nuna harsashi. Ko da an same shi lafiya ma, ba lallai abin da aka zana shi aka gina ba: takarda ta ce rodi mai milimita 16, a buɗe a tarar da mai 12. Don haka dole injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya shigo. Zai bi ginshiƙai da na'ura ya ƙirga rodin da ke ciki, ya yanko ɗan kankare a kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe don a san ƙarfinsa, sannan a haƙa rami a gindin wasu ginshiƙan a ga faɗin harsashi da zurfinsa da ido. A auna ƙasa kuma, domin ta garin nan ba iri ɗaya ba ce. Ta kan tudu mai marmara daban, wadda ta gangara wajen fadamar Rima daban, can akwai laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani.

In sakamako ya yi kyau, ana iya ɗorawa, amma ni zan fi son abu marar nauyi: ƙarfe, da bangon raba ofis mai sauƙi, maimakon bulo mai inci 9 ko'ina. In ya zo tsaka-tsaki, akwai dabarar yi wa ginshiƙai riga ta sabon kankare da rodi don su ƙara kauri. Sai dai wannan yana nufin a fasa daɓe a tsakiyar zauren da ake karɓar kuɗi, ka ga maganar rashin rufewa ta fara tangal-tangal. In kuwa bai yi kyau ba, a manta da sama, a gina a gefe, a bar 'yar tazara tsakanin tsoho da sabo, saboda sabon gini yakan ɗan zauna, in an ɗaure su tare sai ya ja tsohon ya tsage. In akwai fili, ni nan zuciyata ta fi karkata, duk da na san za a rasa wurin ajiye motoci, wataƙila a tashi ɗakin janareto, a kuma sake wa motar ɗaukar kuɗi hanya.

Sai batun aiki ana cikin aiki. Cire rufi sai da rani, a kuma tabbatar an rufe kafin hadarin farko, wanda a nan yakan zo da iska mai ƙarfi. Amma rani ma da nasa: ƙura ba ta shiri da ɗakin manyan kwamfutoci, dole a toshe shi sosai. Leburori su samu ƙofarsu daban da shinge da katin shaida, kada a ce akwai mutum a saman silin ɗin banki ba a san sunansa ba. Fasa da yanka su koma bayan an sallami jama'a da ranakun Asabar da Lahadi, wanda zai ƙara lokaci, ya ƙara kuɗi. Abu ɗaya ne ba na sassauci a kai: ba a zuba dekin, wato kankaren daɓen bene, mutane suna ƙasa. Wannan ranar a rufe, ko a kwashe su zuwa wani reshe. Ana yin irin wannan aiki kuma a gama lafiya, kada ku firgita, sai dai amsar ginin wani ba ita ce ta naku ba.

Ɗakin ajiyar kuɗi zai iya komawa sama?

A'a. Bangonsa kankare ne mai kauri cike da rodi, ga nauyin ƙofa. A bar shi a ƙasa inda yake.

Ai filinmu ne, sai mun nemi izini?

Sai kun nema. Takardar mallakar fili ba izinin gini ba ce. A kai zane hukumar tsara birane ta jiha, a ji ta bakin 'yan kwana-kwana kan matakala da ƙofar tsira. In kuma aikin zai kai ga rufe reshe, lauyan banki ya san doka ta ce sai da rubutaccen izinin Babban Bankin Najeriya. Ku fara da wuri, kada ku zuba harsashi sannan ku zo kuna cewa in san yadda zan yi.

Hanyar keken guragu dole ce? Tana cin wuri.

Dole ce, kuma ina jin nauyi a ce har yanzu ana tambayar wannan. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya wuce. Na taɓa ganin dattijo a kan keke an bar shi a rana a bakin ƙofar tsaro, ma'aikaci ya fito masa da takarda ya sa hannu a kan cinyarsa. A zanena akwai gangare mai sauƙin hawa da ƙofar da keke zai wuce, kuma ba zan cire su ba.

Tunda siminti a Kalambaina ake yi, nan kusa, ba za a gama da wuri ba?

Kusancin siminti yana rage wahalar dako, ba ya rage kwanakin kankare. Kwana 28 ake ƙirga masa kafin a auna cikakken ƙarfinsa. Da zafin nan namu, a zuba bayan asuba ko da yamma, a rufe da buhun algarara, a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda. Ɗan kwangilar da ya ce zai cire katakon dekin a kwana huɗu, ku kira ni kafin ya taɓa ƙusa ko ɗaya.