Waiwaye: Starbucks, tsakanin yawan rassa da kujerar zama

Da yammacin ranar 26 ga Fabrairun 2008, kamfanin sayar da gahawa na Starbucks ya rufe shagunansa kusan 7,100 a faɗin Amurka na tsawon awa uku da rabi. Aka zaunar da ma'aikata ana sake koya musu haɗa gahawa. Kamfanin da ya shekara 37 a harkar ya fito fili ya ce hannunsa ya lalace. Kafin a gane yadda aka kai nan, sai an koma baya.

Mutum uku ne suka buɗe shagon farko a birnin Seattle a 1971: Jerry Baldwin da Zev Siegl da Gordon Bowker. 'Ya'yan gahawa gasassu suke aunawa, mai saye ya kai gida ya niƙa ya dafa abinsa. Howard Schultz ya shigo a 1982 yana kula da talla. Shekara ɗaya bayan haka ya je Milan, ya ga yadda mutanen Italiya ke tsayawa a bakin kanta, mai shago ya san kowa da sunansa, ana kurɓa ana hira. Ya dawo da ƙudurin dasa irin wannan a Amurka. Masu kamfanin ba su ba shi fuska sosai ba, sai ya fice ya kafa nasa mai suna Il Giornale. A 1987 ya juyo ya saye Starbucks ɗin kan dala miliyan 3.8.

Abin da Schultz ya riƙa nanatawa shi ne "wuri na uku", wato inda mutum zai zauna bayan gida da wurin aiki. Ka biya kuɗin kofi ɗaya, ka miƙe ƙafa a kujera mai laushi awa biyu, ba mai ce maka tashi. Tsadar gahawar, in aka duba da kyau, har da hayar kujerar a ciki, kuma mutane suka yarda suka biya.

Lokacin da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 1992, shagunansa ba su kai 200 ba. Daga nan ya buɗe wuta. Bai bi hanyar McDonald's ta sayar wa 'yan kasuwa izinin amfani da suna ba. Yawancin rassansa na kan titi a Amurka shi ke tafiyar da su da kansa, lasisi kuwa sai a wurare irin su filayen jirgin sama da manyan kantuna. Dabarar da ta fi jan hankali ita ce cunkusa rassa a unguwa ɗaya, har ka ga biyu suna kallon juna. Da gangan ne. Layi yana raguwa, motar kaya ɗaya ta wadatar da rassa da yawa, abokin gasa ya rasa kwanar da zai kama haya, koren tambarin nan kuma ya zama talla kyauta. Illar ita ce sabon reshe na cin cinikin tsohon, amma muddin jimillar kuɗi na hawa, ba wanda ya damu. Aka tsallaka Tokyo a 1996, Beijing a 1999.

Schultz ya sauka daga shugabanci a 2000. Zuwa 2007 rassa sun haura 15,000, a watan Fabrairun shekarar kuma wata wasiƙa da ya rubuta wa manyan kamfanin ta fallasa. Ƙorafinsa kan ƙananan abubuwa ne. Sababbin injuna masu sauri sun yi tsayi, sun kare fuskar mai haɗa gahawa daga mai saye. Buhunan da ake liƙewa tun daga masana'anta sun kashe ƙanshin da ke tarbar mutum a bakin ƙofa. Kowane mataki yana da hujjarsa a lissafi, amma da aka tara su sai shagon ya koma wurin karɓar kaya kawai. Ga matsin tattalin arziki ya kunno kai. Schultz ya sake karɓar ragama a Janairun 2008, aka sanar da rufe rassa 600 a Amurka, daga baya aka ƙara 300. A Ostareliya, inda mutane ke da ƙananan shagunansu da suka saba da su tun da can, an rufe 61 cikin 84.

Kamfanin ya farfaɗo, sai ciwon ya dawo ta wayar hannu. Tun 2015 masu saye a Amurka na iya yin oda ta manhaja kafin su iso. Ta fuskar kuɗi abin ya yi daɗi: mutane na zuba kuɗi a kati da manhaja tun kafin su sha komai, fiye da dala biliyan ɗaya na kwance a hannun kamfanin, bashi ne ba ruwa. A cikin shago kuwa labarin daban ne. Kofuna jere a kanta da sunayen mutanen da ba su iso ba, wanda ya shigo da ƙafarsa yana jira a bayan layin da ba ya gani, ma'aikata na haɗa sanyayyun abubuwan sha masu sharuɗɗa barkatai. A Disamban 2021 ma'aikatan wani reshe a birnin Buffalo na Amurka suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago, ɗaruruwan rassa suka biyo baya.

Da ciniki ya ja baya a 2024, aka sallami shugaban kamfanin, Laxman Narasimhan, a watan Agusta, aka ɗauko Brian Niccol daga kamfanin gidajen abinci na Chipotle. Maganinsa kusan na 2008 ne: a dawo da kofin tangaran ga mai zama, a rubuta wa mutum 'yar gaisuwa da alƙalami a jikin kofi, a rage jerin abin sha da kusan kashi 30 cikin ɗari, oda ta fito cikin minti huɗu. Bambancin dai yanzu rassa sun wuce 40,000.

A China ma akwai wanda ya ɗauki hanyar wayar har ƙarshenta. Luckin Coffee, da aka kafa a 2017, ya fi Starbucks yawan rassa a ƙasar da tazara mai nisa, farashinsa ƙasa, galibin shagunansa 'yan mitsitsi ne da ake karɓa a wuce. A Nuwamban 2025 Starbucks ya amince ya sayar wa kamfanin zuba jari na Boyu Capital har kashi 60 cikin ɗari na harkar shagunansa a can.