Karatu ko kwantiragi: tambayoyi kan ɗan wasan hokin ƙanƙara na jami'a

Duk watan Maris da Afrilu, da zarar an fara fitar da jami'o'in Amurka daga gasar hokin ƙanƙara ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, sai tambayoyin nan su dawo, kuma su ne dai na bara. Ga amsoshin wuri guda, a karanta kafin a sake tambaya.

In wata ƙungiyar NHL, babbar gasar ƙwararrun hoki ta Amurka da Kanada, ta zaɓi yaro, dole ya bar makaranta?

A'a. Zaɓe, wato taron da ƙungiyoyin NHL ke yi duk shekara suna ɗaukar matasan 'yan wasa bi da bi, zagaye-zagaye, daban, kwantiragi daban. Ƙungiyar ta kama haƙƙin yin ciniki da shi ne kawai. Owen Power shi ne na ɗaya a zaɓen 2021, amma ya koma Jami'ar Michigan ya ƙara shekara, sai a Afrilun 2022 ya sa wa ƙungiyar Buffalo da ta zaɓe shi hannu.

In ya sa hannu abin bai yi kyau ba, zai iya dawowa?

Aji zai iya dawowa. Buga wa jami'a kuwa ya ƙare daga ranar da ya sa hannu a kwantiragin NHL.

Ai miliyoyin daloli ne, wane mai hankali zai ƙi?

Wa ya gaya muku miliyoyi ne? Kwantiragin farko yana da iyaka da ƙungiya ba ta isa ta wuce ba. A dokar da ta yi aiki har kakar 2025-26, wanda aka zaɓa a 2024 ko 2025, dala 975,000 ne iyakarsa a shekara, kuma kuɗin sa hannu na cikin wannan adadin, ba ya wuce kashi goma cikin ɗari. Sannan albashi biyu aka rubuta a takardar. Wancan babban sai ranakun da sunansa ke cikin jerin 'yan NHL. Ranar da aka tura shi ƙaramar gasa ta AHL, albashinsa bai kai dala 90,000 a shekara ba. A cire haraji, a cire kason wakili, a biya haya a garin da bai san kowa ba. Akwai ladan ƙwazo a wasu kwantiragin, amma sai wanda ke samun wasa sosai a NHL ne ke ganin sa. Iyaye su daina lissafi da babban adadin, ƙaramin za ku duba.

To yaushe ya kamata ya tafi?

Wannan ita ce tambayar, kuma duk wanda ya ba ka amsa kai tsaye bai duba yaron ba.

A fara da inda zai kwana a watan Nuwamba mai zuwa. In ƙungiyar tana da gurbi a buɗe a matsayinsa, kuma yanzu a jami'a ya fi ƙarfin abokan wasansa nesa ba kusa ba, zama ba zai ƙara masa komai a kan ƙanƙara ba. Jack Eichel shekara ɗaya ya yi a Jami'ar Boston ya tafi a 2015, Macklin Celebrini ma haka a 2024, dukansu sun lashe kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'a kafin su tafi. Amma Eichel na biyu ne a zaɓensa, Celebrini na ɗaya. In yaronka a zagaye na huɗu aka ɗauke shi, kada ka kawo mini sunansu. A buɗe jerin 'yan wasan ƙungiyar a ƙirga: mutum nawa ne a gabansa a matsayinsa, kwantiraginsu saura shekara nawa? Kowace ƙungiya kwantiragi 50 aka yarje mata, mutum 23 ne a babban jeri. Sauran suna AHL, wasu ma ECHL da ke ƙasa da ita, suna kwana a bas tsakanin gari da gari.

Sai jiki. A jami'a wasa 34 ake yi kafin gasar ƙarshe, galibi Juma'a da Asabar, sauran ranakun atisaye da ɗaga ƙarfe. A AHL wasa 72 ne, da manya masu iyali da ke kare abincinsu. Yaron da har yanzu ake ture shi a jikin bango a ƙwace masa wasa, jadawalin jami'a ya fi masa. Wanda jikinsa ya riga ya gina, wasanni yake nema, shi kam AHL na iya fi masa. Masu tsaron raga da 'yan baya sun fi jinkirin nuna, don haka gaggawa ta fi cutar da su. Cale Makar ɗan baya ne, Colorado ta ɗauke shi na huɗu a 2017, ya tsaya ya yi shekara ta biyu a Jami'ar Massachusetts. Ya buga wasan ƙarshe na gasar NCAA a Afrilun 2019, bayan kwana biyu ya ci wa Colorado ƙwallo a wasansa na farko. Shekarar da ya ƙara ba ta rage shi da komai ba. Sai dai ba kowa ne zai ƙara shekara ya zama Makar ba, akwai wanda zai tsaya cik, darajarsa ta sauka.

Shekaru ma suna shiga lissafi. Mai shekara 18 zuwa 21 kwantiragin shekara uku ake ɗaure shi da shi, mai 22 ko 23 na shekara biyu, mai 24 na shekara ɗaya. Wato wanda ya gama digiri bai yi asarar da ake zato ba, don ɗaurinsa gajere ne. A ɗaya gefen, ƙungiya kan jawo yaro da alkawarin ƙona masa shekarar farko: ya sa hannu a Afrilu, 'yan makonnin da suka rage su tafi a matsayin shekara guda, ya matso kusa da kwantiragi na biyu, wanda a nan kuɗin yake. Mai shekara 18 ko 19 sai ya buga wasa goma a NHL kafin shekarar ta ƙone. In kuma suka ce ya ƙarasa kaka a AHL da takardar gwaji, kwantiragin ya fara a kaka mai zuwa, to ba su ƙona komai ba, a san wannan.

A ra'ayina, in amsar inda zai kwana a Nuwamba AHL ce, kuma a jami'a shi ne zai riƙe layin farko, wato sahun gwanayen ƙungiya, ya zauna. In shekara ɗaya ta rage masa ya gama digiri, zaman ya fi zama dole. Amma in kocin da ya kawo shi ya tafi, ko gida akwai matsi na gaske, lissafin ya canza, ba kuma zan ga laifinsa ba.

Mene ne zancen 15 ga Agusta?

A dokar da aka daɗe ana aiki da ita, in ɗan jami'a ya gama shekarunsa huɗu bai sa hannu ba, haƙƙin ƙungiyar da ta zaɓe shi yana faɗuwa ranar 15 ga Agusta, ya zaɓi inda yake so. Jimmy Vesey na Jami'ar Harvard ya ƙi ƙungiyar Nashville da ta zaɓe shi, aka sayar wa Buffalo haƙƙinsa, ita ma ya ƙi, ya tafi New York Rangers a 2016. Zaɓin gari ya samu, iyakar albashin farko tana nan a kansa. Sabuwar yarjejeniyar NHL da 'yan wasa ta kakar 2026-27 ta taɓa wa'adin riƙe haƙƙi, don haka a sa mai ba da shawara ya rubuto ranar da ta shafi yaron.

In ya zauna ya ji rauni fa?

Zai iya ji, a AHL ma ana ji. Akwai inshorar nakasa da ta faɗuwar daraja ga waɗanda aka zaɓa da wuri. A karanta sharuɗɗan, musamman abin da ta ce kan tsohon rauni.

Ba a zaɓe shi ba sam, shi ke nan?

Kwantar da hankalinka. Martin St. Louis shekara huɗu ya yi a Jami'ar Vermont, ba wanda ya zaɓe shi, ya zama gwarzon NHL a 2004. Wanda ba a zaɓa ba yana da 'yancin ciniki da kowace ƙungiya. Shi kam ba shi da dalilin barin aji da wuri sai an zo da tayi a hannu.

Ba yanzu ana biyan 'yan jami'a ba?

Tun 2021 suna iya karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A hoki 'yan ƙalilan ne ke samun mai kauri, kuma ɗan Kanada ko Turai mai bizar karatu yana da takunkumi. Abin da ya fi shafar yaronka shi ne daga Agustan 2025 an buɗe wa 'yan gasar matasa ta Kanada ƙofar NCAA, wato gurbinsa a jami'ar ma akwai mai hanƙoronsa.

Zai iya ƙarasa digirin daga baya?

Zai iya, da dama sun yi, da darussan bazara da na intanet. Da dama kuma sun ce za su yi. Kafin ya sa hannu ya je ofishin kula da karatun 'yan wasa ya karɓo abu uku a rubuce: darasi nawa ya rage, wa zai biya kuɗin, kuma wanne ne dole sai ya zauna a aji. Kada kuma ya watsar da zangon da yake ciki. Hoki na ƙarewa a Afrilu, jarrabawa a Mayu, ya shirya da malamai yadda zai rubuta ta.