Lanƙwasar Haske Saboda Ƙarfin Janyowa

Lanƙwasar haske ita ce karkacewar da haske yake yi daga miƙaƙƙiyar hanyarsa idan ya gitta kusa da wani abu mai tsananin nauyi, kamar rana ko tarin taurari. Ƙarfin da ke faɗo da mangwaro ƙasa, wanda kuma ya riƙe wata yana zagaya duniya, shi ne dai ke haddasa ta.

Albert Einstein ne ya yi cikakken bayaninta a shekarar 1915. A ra'ayinsa, abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci a kewayensa. Haske, mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ba ya ratse hanya da kansa. Hanyar ce ta karkace, shi kuwa ya bi ta. Einstein ya lissafa cewa hasken tauraron da ya gogi gefen rana zai karkata da daƙiƙar kusurwa 1.75, wato ninki biyu na abin da lissafin Newton ya bayar. Wannan kusurwa ƙarama ce ainun: faɗin abin da bai kai santimita ɗaya ba, a hango shi daga nisan kilomita guda.

Matsalar gwada wannan lissafi ita ce, ba a ganin tauraro kusa da rana sai lokacin cikakken husufi, irin na 29 ga Maris 2006 da ya duhunta Gusau da Katsina, ya kuma dusashe ranar Zariya da hantsi. Don haka Arthur Eddington, masanin taurari ɗan Ingila, ya tafi tsibirin Principe da ke tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, ya jira husufin 29 ga Mayu 1919. Wata tawagar kuma ta nufi Sobral a Brazil. Gajimare ya kusa ɓata wa Eddington aiki, hotuna kaɗan ne suka yi amfani. Duk da haka, sakamakon da aka bayyana a Landan ranar 6 ga Nuwamba ya goyi bayan Einstein. Awon bai yi kaifi sosai ba, an kuma daɗe ana muhawara a kansa, amma gwaje-gwajen da aka yi daga baya da na'urorin rediyo sun tabbatar da adadin.

A sararin samaniya mai nisa, tarin taurari kan yi wa hasken da ke bayansa abin da gindin kwalba ke yi wa rubutu: ya ƙara masa girma, ya murɗa shi, wani lokaci ya raba shi biyu. A 1979 aka fara gano abu ɗaya da ya bayyana sau biyu a sama saboda haka. Idan komai ya jeru a layi, hasken kan zama zobe. Da wannan ake auna nauyin abubuwan da ba sa haske sam. Baƙin rami kuwa, wato abu mai tsananin nauyi da ya dunƙule a ƙaramin wuri, lanƙwasarsa ta kai haske ba ya iya fita. An nuna hoton inuwar ɗaya a karon farko a Afrilun 2019.

Lokaci ma bai tsira ba. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS, da ke nisan kusan kilomita 20,000, yana riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum. Da ba a gyara wannan, taswirar wayar mai neman hanya daga Samaru zuwa Sabon Gari za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 a kowace rana.