Filin jirgin Gusau: gidan wa doka ta taɓa, kuma me ake biya a diyya?

Tun da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Gusau a watan Yunin 2024, maganganu biyu ke ta yawo a saƙonnin murya na WhatsApp da wuraren masu shayi. Ana cewa duk gidan da ke tsakanin kilomita 15 da filin sai an rushe shi, kuma wanda ba shi da takardar C of O, wato shaidar mallakar fili daga gwamnati, ba zai ga ko sisi ba. Duka biyun ba haka doka ta ce ba. Masu cin riba a wannan tsoro su ne dillalan da ke bin gonakin mutane suna tayawa a wulaƙance.

Kilomita 15 ɗin ba ƙirƙiro ta aka yi ba, fahimtarta aka yi a karkace. Sufurin jiragen sama yana cikin hurumin gwamnatin tarayya kaɗai, don haka ko da jiha ce ta gina fili, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke sa ido a kansa bisa dokar sufurin jiragen sama ta 2022, tana bin ƙa'idojin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. A can ne aka shata wa jirgi hanyar sauka a sararin sama, wadda a manyan filaye take kaiwa kilomita 15 daga bakin titin jirgi. Tsawon gini ake iyakancewa a wannan hanya. Iyakar tana farawa ƙasa-ƙasa kusa da titin, tana ɗagawa da mita 1 a duk mita 50 a sashen farko. A nisan rabin kilomita ta kai kusan mita 10, a kilomita guda kusan mita 20. A kewayen filin kuwa, har zuwa kilomita 4, iyakar mita 45 ce sama da filin. Ɗaki da falo mai rufin kwano, da rumbu, da garken shanu, ina za su kai can? Waɗanda abin ya shafa su ne masu ƙarfen sabis na waya, da dogon bene, da tankin ruwa mai tsawo, da doguwar hasumiyar masallaci idan tana saitin titin. Su ne za su nemi takardar izinin tsawo daga NCAA. Kuma hukumar ba wasa take yi da wannan ba: a 2019 ta yi barazanar tuge ƙarafan sabis fiye da 7,000 a faɗin ƙasar nan saboda rashin wannan takarda.

Ƙasar da filin zai ci da kanta, wato titin jirgi da katanga da duk faɗaɗawar da za a yi nan gaba, wata doka ce ke hukunci a kanta: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallakar mutum saboda amfanin jama'a, kuma filin jirgi yana ciki. Amma sai da takardar sanarwa daga jami'in da aka ba izini, a isar da ita ga mai wurin kamar yadda sashe na 44 ya tsara: a miƙa masa, ko a bari a gidansa, ko a aika ta gidan waya, ko a manna a wurin idan ba a same shi ba. Jan fenti a bango ba sanarwa ba ne, kuma kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi babu sanarwa. Batun takarda kuma, sashe na 34 da na 36 sun ɗauki wanda yake riƙe da gida ko gona tun kafin 1978 tamkar mai haƙƙin mallaka. Gonar gado ba ta zama ta banza don ba ta da C of O.

Inda ya kamata mutane su buɗe ido shi ne sashe na 29, kuma a nan ne ba na jin daɗin dokar. Ba a biyan kuɗin ƙasa. Abin da mutum ya aza a kanta ake biya: gini, rijiya, katanga, itatuwa, amfanin gona. Gini ana ƙiyasta abin da zai ci a sake yin irinsa, a cire ragin tsufa, a ƙara kuɗin ruwa idan an jinkirta biya. Shuka kuwa jami'in gwamnati ne ke yanke mata farashi. Ƙasar kanta, iyakar abin da ake mayar wa mutum shi ne kuɗin hayar ƙasa da ya biya gwamnati a wannan shekarar, idan ya biya. To manomin da ya gaji gona mai faɗi, aka zo ƙidaya a watan Maris lokacin da babu komai a cikinta sai karan gero da ɗorawa biyu da tsamiya ɗaya, me za a rubuta masa? Ya rasa abincin gidansa na har abada, an ba shi kuɗin itace uku. A Landan, inda ake shirin yi wa filin jirgin saman Heathrow titi na uku da zai ci gidaje fiye da 700, kamfanin filin ya yi tayin biyan kuɗin kasuwa na kowane gida da ƙarin kashi 25 cikin 100. Ba na cewa Zamfara na da aljihun Ingila, amma babu abin da ya hana gwamna ya ba manomi wata gonar a madadin wadda aka karɓa, kuma shi ne adalci a jihar da mutane da yawa suka riga suka rasa gonakin daji saboda 'yan bindiga.

Ƙimar da ake biya ita ce ta ranar da aka soke haƙƙin. Saboda haka masu rugawa su jera bulo ko su dasa mangwaro bayan takarda ta iso hannunsu asarar siminti kawai suke yi. A cikin gari ma abin na iya zama laifi, don sashe na 43 ya tanadi ɗaurin shekara 1 ko tarar naira 5,000 ga mai gini a filin da ba shi da haƙƙi a kansa. Mai gida kuma ya yi tunani kafin ya karɓi wani gidan a madadin kuɗi: sashe na 33 ya ce da zarar ya amsa, diyyarsa ta ƙare, kuma idan sabon ya fi nasa daraja, ana iya yarjejeniya rarar ta zama bashi a kansa.

Wanda bai gamsu da adadin da aka yanke masa ba zai kai kuka ga kwamitin rabon filaye na jiha, kamar yadda sashe na 30 ya ce. Ya je da hotunan gininsa da itatuwansa masu kwanan wata, da shaidar maƙwabtan iyaka da ta mai unguwa, kuma ranar ƙidaya ya tsaya da ƙafarsa, ya karanta takardar ko a karanta masa kafin ya dangwala yatsa.